Murhun Mai Sana'a da Dajin Kudancin Jigawa

Sharhinmu na yau na mai shayi ne da mai ƙosai da mai tsire da mai gidan biredi, da matan da ke turara shinkafa a cikin gida, daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, daga kasuwar Sara zuwa Kwandiko.

Idan aka ambaci kwararowar hamada a Jigawa, hankali kan tafi Maigatari da Babura da Birniwa. Mu mutanen kudu muna ganin abin ya yi mana nisa, don daminarmu ta fi tasu, itatuwanmu sun fi nasu yawa. To amma duk wanda ke bin hanyar Kano zuwa Ningi, wadda ta ratsa Birnin Kudu da Babaldu, ya san abin da ke jibge a gefen titi: buhunan gawayi da tulin faskare. Dajinmu ke nan ake aunawa da buhu. Wani ya tafi birni a mota, wani kuma a nan gida yake ƙonewa, a ƙarƙashin tukunyar masu sana'a, tun kafin a kira assalatu.

Abin da ya fi damuna shi ne sana'a ce ke cin 'yar'uwarta. Lokacin da marke da ƙirya suka yi ƙaranci, gatari ya koma kan ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, itatuwan da iyayenmu ba sa yarda a taɓa ko a gonar wa suke. Ɗorawar da aka faskara aka kai gidan biredi, ita ce ke ba mai daddawa kalwa. Kaɗanyar da ta zama gawayin mai tsire, ita ce jarin tsohuwar da ke yin man kaɗe ta aurar da jikokinta. Ƙirya kuwa, maƙera sun san gawayinta ya fi riƙe wuta, kuma su ne suka fara jin rashinta. Biredin ɗorawa guda ba ya wuce 'yan kwanaki. Kalwarta kuwa duk shekara take zuwa, har ta ga jika da tattaɓa-kunne.

Ba na ganin laifin mai sana'a don ya hura wuta. Da ita yake ci da iyalinsa. Abin tambaya shi ne nawa ne daga icen da yake saya ke dafa abinci, nawa ne iska ke kwashewa. Murhun duwatsu uku a fili, mafi yawan zafinsa ta gefe yake fita. Mai ƙosai da ke zama a bakin kasuwa lokacin hunturu ta san haka, domin icen da ke kai ta azahar da bazara ba ya kai ta hantsi idan iska ta taso. Kuɗinta ne ke tashi sama, kuma hayaƙin a idonta da ƙirjinta yake sauka, da na goyon da ke bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki da makamantansa a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020.

Gyaran farko ba ya buƙatar bashin banki. Murhun laka da aka gina ya rungumi gindin tukunya, aka bar masa ƙofa ɗaya ta ice, yana tsare zafi a inda ake buƙatarsa, kuma maginan tukwane da muke da su za su iya yin sa. Busasshen ice da aka faskara ƙanana ya fi ɗanye auki, domin ɗanye sai ya ƙone ruwan jikinsa kafin ya dafa komai. Murfi a kan tukunya ragin kuɗi ne. Mai gidan biredi da ya toshe tsagar tandarsa, ya sa mata ƙofa mai rufuwa sosai, ya jera gashinsa bi da bi tun tanda na da zafi, zai ga bambanci a lissafin mako. Ga wanda ke da hali, akwai murhun ƙarfe irin Save80, wanda aka fara yaɗawa a Najeriya daga Kaduna, sunansa ma daga alkawarin rage ice da kashi 80 cikin ɗari ya samo asali.

Sai buntun shinkafa. Je ka bayan injin casa ka ga yadda yake tsibi, wani lokaci a cinna masa wuta don kawai a sami wuri, alhali a unguwar nan mata na sayen ice da tsada don turara shinkafar da za a kai injin. Ana yin murhun da ke cin buntu ko garin katako, ana kuma cura buntun da ɗan ƙullin rogo ya zama dunƙulen da ke ci kamar gawayi. Wannan ma sana'a ce da matasanmu za su iya kamawa.

Amma rage ci kaɗai ba zai mayar da daji ba. A nan ya kamata mu dubi 'yan'uwanmu na Maraɗi. A farkon shekarun 1980 gonakinsu sun zama fili fetal, dashen da ake yi kuma yana mutuwa. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa duk shekara suna da rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Sai manoma suka fara barin tsiro ɗaya ko biyu mafi ƙarfi a kowane kututture, suna datse sauran. Suka kira abin sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, musamman Maraɗi da Damagaram. Rassan da ake datsewa su ne icen girki, har ana kai rara kasuwa. Ruwan samanmu ya fi nasu. Mai gidan biredi a Gwaram, wanda galibi manomi ne kuma, me zai hana ya bar tsiro a gonarsa, ya jera darbejiya a kan iyaka, ya riƙa saran reshe yana barin uwa? Malamanmu sun sha faɗa mana cewa itacen da mutum ya dasa, duk abin da ya ci daga gare shi, mutum ko tsuntsu ko dabba, sadaka ce.

Masu janareta su ma sun ji a jikinsu. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Mai cajin waya da mai aski da mai sayar da ruwan sanyi da suka koma sola sun huta da layin gidan mai da ƙara da hayaƙi. Wahalar ita ce kuɗin farko, kuma adashe ya san maganin wannan: mutum goma su haɗu, kowane kwasa a saya wa ɗaya faranti da batir. Gargaɗi guda dai: mataccen batir akwai gubar dalma a cikinsa. A mayar wa masu saye, kada a fasa shi a tsakar gida inda yara ke wasa.

Leda kuwa, tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin akuya da saniya. Tambayi mai unguwa abin da ke toshe magudana ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya ta bi baya a 2017. Mu ba mu kai nan ba, amma mai koko na iya ƙara ludayi ga wanda ya zo da kwanonsa, don kuɗin leda ya rage mata. Mai shago na iya tambaya kafin ya ƙulla ashana guda a leda.

Ga hukuma, ina da magana ɗaya. Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka ya shafa, kuma doka kan sare itace tana da amfani. Sai dai mai gawayi shi ma ɗan ƙaramin mai sana'a ne. Idan aka kama shi aka ƙwace buhunsa, gobe mai tsire zai nemi wani, domin tukubarsa ba za ta kwana babu wuta ba. A fara daga mai saye. Ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram su kira maginan tukwane da maƙera da masu walda, a koya musu murhu mai tsimin ice, a yi gwaji a bainar jama'a ranar kasuwa: tukunya biyu, ice daidai wa daida, kowa ya gani da idonsa. Hakimai da dagatai su dawo da tsohuwar kariyar da ɗorawa da kaɗanya ke da ita.

Kai kuma mai sana'a, Malam, Hajiya, ga roƙona. A makon nan rubuta abin da kake kashewa a ice ko gawayi ko fetur kowace rana. Gyara murhunka, ka sake rubutawa mako na gaba, sannan ka nuna wa maƙwabcinka a kasuwa. Idan lokacin sharar gona ya zo, ka bar tsiron kututture ya tashi.