GYARAN GIDA: Fenti biyu masu kama da juna

Ƴan uwa manoma, ga kaka ta yi, an sayar da wake da gujiya, masu aurar da ɗiya suna neman fentin ɗakin amarya. Wanga wata za mu yi magana bisa launi biyu da ke ruɗa mutane a kanti. Dukansu shuɗi-shuɗi ne mai haske. Guda ya karkata wajen bula, kamar sararin sama da hantsi. Gudan kuma ya karkata wajen tsanwa, kamar ganyen tumfafiya. Cikin gwangwani sai ka rantse abu guda ne.

Bango shi ke raba su, shi da fitila. Hasken fitilar kananzir ja-ja ne, yana kashe shuɗi. Mai ruwan bula in dare ya yi sai ya koma toka-toka, mai ruwan tsanwa kuwa bai cika sauyawa ba. In fitilarku ta sola ce mai farin haske, to mai ruwan bula ya fi fitowa, ɗaki ya yi kamar da sanyi. Sai dai jar ƙurar hunturu ta fi nunawa bisansa. Mu dai a ganinmu, ɗakin da ke da ƙaramar taga guda, mai ruwan tsanwa ya fi dacewa da shi.

Kada ku zaɓa cikin kanti. Ku shafa kowane kamu guda bisa bangon, gab da juna, ku bari ya bushe, ku duba da safe, ku duba bayan isha'i. Fentin ruwa yana ɗan ƙara duhu in ya bushe. Farar ƙasa da aka sa wa bula ita kuma haske take yi sosai. Ku kira uwargida ta gani, ita ke wuni ciki.

Ga lissafi: ɗaki mai mita 4 bisa 4, tsawon bango mita 3, shafi biyu zai ci wajen lita 9 in yaɓen ya yi sumul. In farin fenti kuka saya za ku zuba launi da kanku, ku dama dukansa lokaci guda cikin babban bokiti. Wanda ya dama rabi yau, rabi gobe, zai samu launin nan biyu cikin ɗaki guda, ba tare da ya nema ba. Sabon yaɓen siminti kuma a ba shi sati 4 ya bushe, in ba haka ba fentin ya ɓare.