Ruwa Na Nan, Guga Ne Babu

Duk ɗan Daura ya san labarin Kusugu: rijiya cike da ruwa, gari cike da ƙishirwa, domin maciji ya hana ɗiba sai ranar Juma'a. Labarin nan nake tunawa idan na dubi bayanan da ake tarawa a kan ƙasarmu daga sararin samaniya.

Kyamarar waya launi uku take haɗawa ta fitar da hoto. Amma tauraron ɗan'adam na EnMAP, wanda Jamus ta harba a watan Afrilun 2022, yana tsaga hasken da ƙasa ke mayarwa gida fiye da 200, har da wanda ido ba ya gani. Kowane abu da irin sawun da yake bari a cikin hasken: laka daban, jigawa daban, ganyen geron da ya ƙoshi daban da wanda taki ya gaza masa. A shekarar ce kuma hukumar NASA ta Amurka ta ɗora na'urar EMIT a tashar sararin samaniya, don tantance ma'adinan yankunan da ƙurar hamada ke tasowa, irin wadda ke lulluɓe mu da hunturu.

Bayanan kyauta ne ga mai binciken da ya yi rajista. Sai dai ba hoton kallo ba ne. Tarin lambobi ne da ba sa karantuwa sai da manhaja. ENVI ta kuɗi ce, amma QGIS da EnMAP-Box da ake ɗora mata kyauta ne. Da su ɗalibi zai taɓa ɗigo guda a taswira ya ga zanen haskensa, ya ware ƙasar da ta gaji daga mai sauran ƙarfi, tun daga Zango har Mai'aduwa. A zamanin tsadar taki, wannan ba ƙaramin sani ba ne.

Kada dai a ɗauke shi sihiri. Kowane ɗigo na EnMAP fili ne mai tsawon mita 30 da faɗin mita 30, gonakinmu kuwa ƙanana ne, gero da wake a cakuɗe, ga gawo a tsakiya. Dole a taka gona, a ɗebo ƙasa, a gwada abin da manhajar ta nuna. Wa zai fi ɗan gida iya wannan?

Saboda haka ina kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, su sanya waɗannan manhajoji cikin darussansu. Kakanninmu sun jira baƙo daga nesa ya buɗe musu rijiya. Mu ba mu da uzurin jira.