Fartanya da Tauraro

Wanda ya taso daga Kiyawa ya bi ta Shuwarin ya shiga Dutse, zai tarar da sunaye biyu suna zaune lafiya a gari ɗaya. Ga Dandalin Malam Aminu Kano inda jama'a ke taruwa, ga kuma zauren taro na Ahmadu Bello a sakatariyar jiha. Yaro mai tasowa sai ya ɗauka masu sunayen tafiyarsu ɗaya. Dattawan da suka ga zamanin fartanyar NPC da tauraron NEPU kuwa sun san an yi shekaru ba a ga maciji, har a kan yi gaba tsakanin wa da ƙane a gida guda.

Tushen rigimar tambaya ce guda: wane ne ke danne ɗan Arewa?

Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato kuma jagoran NPC, wanda ya zama Firimiyan Arewa a 1954, yana ganin barazanar daga waje take. Kudu ta yi wa Arewa fintinkau a boko, ofisoshin Kaduna da tashoshin jirgin ƙasa cike suke da akawuna 'yan Kudu. Shi ya sa da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956 gaban majalisar Ikko a 1953, Sardauna ya ce a dakata sai an shirya. Arewa ba ta karɓi nata mulkin kan ba sai 15 ga Maris 1959. Ya ɗauko manufar cusa 'yan Arewa cikin aikin gwamnati, ya tura samari soja, ya kafa Bankin Arewa, a 1962 kuma aka buɗe jami'ar Zariya da gidan rediyon Kaduna. A wurinsa sarakuna da En'e su ne ginshiƙin da ke riƙe da ɗaki. Gyara a hankali, ba rusau ba.

Malam Aminu, jagoran NEPU, kuwa cewa ya yi ɓarawon yana cikin gida. A lokacin ƙasar Dutse da Kiyawa na ƙarƙashin En'e ta Kano, kuma manomin gero da gyaɗa bai taɓa ganin akawun Kaduna ba. Dagaci ya sani, da ɗan doka, da ranar karɓar haraji, Bafulatani kuma ya san jangali. Kotun alƙali ta En'e ce, gidan yari na En'e ne, 'yan doka na En'e ne, wanda zai ba da izinin taron siyasa ma En'e ce. To ina mai tauraro zai kai ƙara? NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta raba jama'a gida biyu, masu sarauta da talakawa, ta nemi a mayar da mulki hannun zaɓaɓɓu, a ba wa mata 'yancin ƙuri'a. NPC ta ƙi. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba a kan wannan magana.

Abin lura, su biyun duk sun taka ƙasar Ingila, amma kowa da tsarabar da ya dawo da ita. Malam Aminu ya yi karatun koyarwa a Landan daga 1946, lokacin gwamnatin Leba ta Attlee, ya yi cuɗanya da masu ra'ayin gurguzu. Sardauna ya je a 1948 nazarin mulkin ƙananan hukumomi, a 1959 kuma Sarauniya ta ba shi lambar girma.

A harkar waje ma kowa ya bi inda zuciyarsa take. A tsarin mulki wannan aikin Ikko ne, na Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma Sardauna bai tsaya jiran izini ba. Gabas ya fuskanta. Ya yawaita aikin hajji, ya ƙulla zumunci da sarakunan Saudiyya, ya zama mataimakin shugaban Rabiɗa, ƙungiyar Musulmi ta duniya da aka kafa a Makka a 1962. Da gwamnatin tarayya ta karɓi rancen Isra'ila, sai ya ce ban da Arewa, duk da cewa jam'iyyarsa ce ke mulki a Ikko. Malam Aminu ya karkata ga 'yan gwagwarmayar Afirka irin su Nkrumah, kuma da gwamnatin Diori Hamani ta haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar a 1959, 'yan NEPU ne suka zama masu masaukin 'yan gudun hijirarta a Kano.

A akwatin zaɓe dai ba a yi kunnen doki ba. A 1959 NPC ta ci kujera 134 a majalisar tarayya, NEPU ta tashi da 8. Siyasa kuma ba ta rasa abin dariya: ƙawar NEPU, wato NCNC, ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC, sai ga Malam Aminu a layin gwamnati a Ikko, alhali a ƙauyuka ana ɗaure mutanensa.

Masu cewa Sardauna ya fi hangen nesa suna da hujja, domin ba don gaggawar da ya yi ba da Arewa ta shiga 'yanci hannu rabbana. Sai dai ya kau da kai daga zaluncin da ke faruwa a gindinsa, kuma wannan ba ƙaramin tabo ba ne. Bayan an kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, buƙatun NEPU suka riƙa tabbata ɗaya bayan ɗaya, yawanci a hannun soja. Aka ƙwace 'yan doka da kotuna da gidan yari daga En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa ta, matan Arewa suka hau layin zaɓe. A 1979 Abubakar Rimi na PRP, sabuwar jam'iyyar Malam Aminu, ya hau kujerar gwamnan jihar Kano, wadda Kiyawa ta kasance cikinta har zuwa 1991, ya soke haraji da jangali. Malaman da suka riƙa wasa wa PRP ɗin wuƙa kuwa, irin su Dokta Yusufu Bala Usman, a jami'ar da Sardauna ya gina a Samaru suke koyarwa a lokacin.