Jinyar Gida da Sabunta Lasisin Nas: Ina Mafita?

A matsayina na ɗalibin harshe, kalmar "majinyaci" ta daɗe tana ba ni sha'awa, domin Bahaushe kan kira marar lafiya da ita, ya kuma kira mai kula da shi da ita. Kwanan baya da na je Bunkure duba baffana da ya yi shekara uku yana fama da shanyewar ɓarin jiki, sai kalmar ta dawo mini da wata fuska. 'Yarsa, wadda ƙwararriyar nas ce, ta ajiye aikinta ta zauna tana jinyarsa: ita ke auna hawan jininsa, ita ke juya shi don kada gyambon kwanciya ya kama shi, ita ke tsara magungunansa. Tambayar da ta yi mini ita ce: "Yaya, shin waɗannan shekaru uku aiki ne a idon hukuma, ko kuwa zaman banza?"

Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda dokar 1979 ta kafa, tana sabunta lasisi duk bayan shekara uku, kuma shaidar halartar kwas ɗin ƙara ilimi na cikin sharuɗɗanta. A Birtaniya kuwa, tun daga 2016 sai nas ta nuna ta yi aikin sa'o'i 450 cikin shekara uku. Mu ma mun ɗanɗani irin wannan ma'auni a 2024, lokacin da Majalisar ta gindaya sharaɗin shekara biyu na gogewar aiki kafin a tantance takardun mai son fita waje, har ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Da zarar an fara ƙirga shekarun aiki, dole ne a fayyace abin da ake kira aiki.

Masu cewa kada a ƙirga jinyar gida suna da hujja. Mai jinyar mutum ɗaya ba ta ganin cututtuka iri-iri, babu shugaba da ke duba aikinta, sannan tausayin ɗiya kan rinjayi hukuncin ma'aikaciya. Lasisi kuwa amana ce ta rayukan jama'a.

Amma watsar da ita gaba ɗaya asara ce. A yankin noman rani na Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ya kawo shinkafa da tumatir tare da sauro da tsargiya, nas ɗin da ke zaune a gida ita maƙwabta ke ƙwanƙwasa wa ƙofa da tsakar dare. Mafi yawan masu barin aiki saboda jinyar iyaye mata ne, kuma su ne ƙauyukanmu suka fi buƙata.

Shawarata ita ce Majalisar ta fito da kundin da irin wannan nas za ta riƙa rubuta ayyukanta, shugaban asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ya riƙa dubawa yana sa hannu. A ƙirga mata wani kaso, ragowar ta cike da gajeren kwas da 'yan makonni a ɗakin marasa lafiya. Wadda ta tsaya wa mahaifinta bai kamata ta dawo ta tarar an rufe mata ƙofar sana'arta ba. Allah Ya sa hukuma ta duba.