Mu Kai Jarumarmu Asibiti



Da zarar jarumar labarinmu ta daina cin abinci, ta ƙaurace wa mutane, barci ya gagare ta, sai mu ɗora wa kishiya laifin sammu ko mu ce iska ce. A babi na gaba a yi turare, ta warke sarai. Alhali cikin masu karanta mu a Soron Ɗinki da sauran lungunan birni akwai wadda halin da take ciki ke nan, musamman mai jego. Idan muka ce mata asiri ne, mun toshe mata hanyar asibiti.

Likitoci kan kira shi ciwon damuwa idan ƙunci da rashin sha'awar komai suka kai mako 2 kusan kullum. Akwai kuma mai hawa da sauka: mutum ya kwashe kwanaki cikin zumuɗi, surutu da ɓarnar kuɗi ba barci, daga baya ya zube cikin ƙunci. Dukansu suna da magani, ƙwayoyi da zaman tattaunawa da ƙwararre. Ƙwayar ciwon damuwa takan ɗauki makonni kafin ta fara aiki, kuma ba a yanke ta farat ɗaya.

Asibitin Dawanau da na Malam Aminu Kano suna duba masu wannan lalura, mu je mu tambaya kafin mu rubuta. Addu'a ba ta hana neman magani. Mu daina kiran jarumarmu mahaukaciya, mu haɗa ta da likita.