Wa Zai Tarye Shi A Bakin Ƙofa?

Ran 7 ga watan Satumba na 2010, ana cikin azumi, da almuru, waɗansu mutane ɗauke da bindigogi suka fasa gidan yarin Bauchi, wanda ke tsakiyar tsohon gari kusa da fadar Sarki, suka saki fursunoni 721. Labarin ya game duniya. Amma akwai wani gefensa da ba a cika tunawa ba, watau tun ƙura ba ta lafa ba waɗansu daga cikin waɗanda aka saki suka komo da ƙafafunsu, suka ba da kansu ga gandirobobi. Wa'adinsu saura kaɗan ne, don haka suka ga gwamma su cika kwanakinsu su fito da rana tsaka da takardar sallama a hannu, da su yi ta ɓuya kamar ɓeraye. Lissafin da suka yi ke nan, cewa ranar da hukuma ta sallami mutum bashinsa ya biyu. Ko unguwa ta yarda da wannan lissafi kuwa, wannan magana ce dabam.

Abin da ya tono wannan tsohon zance shi ne wani fim na ƙasar Amurka mai suna Sing Sing, wanda Greg Kwedar ya shirya. An fara nuna shi a bikin finafinai na Toronto a 2023, ya shiga gidajen sinima a 2024. Ba ɗaya daga cikin manyan kamfanonin Hollywood ne ya ɗauki nauyinsa ba, kuma an gama ɗaukarsa cikin ƙasa da mako uku, galibi a wani tsohon kurkuku da aka daina aiki da shi. Sunan fim ɗin sunan wani shahararren gidan yari ne a jihar New York, inda a 1996 wata mata, Katherine Vockins, ta kafa ƙungiyar nan da ake kira RTA, mai koya wa ɗaurarru wasan kwaikwayo.

Labarin ya ginu ne a kan mutum biyu. Na farko John Whitfield, wanda aka ɗaure bisa laifin kisan kai, alhali shi ya tsaya a kan cewa bai aikata ba. Colman Domingo ne ya fito a madadinsa. Na biyu Clarence Maclin, ƙaƙƙarfan mutum mai zafin kai wanda sauran fursunoni ke shakka, wanda ya shiga ƙungiyar wasan da izgili, sannu a hankali ya sauko. To, abin mamaki shi ne Maclin da kansa ya fito a matsayin kansa, domin kuwa haƙiƙa ya yi shekara 17 a ɗaure saboda fashi. Haka kuma yawancin 'yan wasan, tsofaffin fursunoni ne da suka yarda suka sake sanya tufafin da suka yi shekaru suna addu'ar rabuwa da su. Bugu da ƙari, kowa da kowa, daga babban ɗan wasa har mai jan waya, kuɗin yini ɗaya aka biya su, aka kuma ba su rabo cikin ribar. A 2025 fim ɗin ya shiga takarar lambar Oscar a fanni uku, har da na rubutun labari, inda sunayen Maclin da Whitfield suka fito.

Akwai wani wuri a cikinsa da ke tsaya wa mai kallo a rai. Whitfield ya zauna gaban kwamitin da zai duba ko ya cancanci sassauci, yana bayyana yadda wasan kwaikwayo ya gyara shi da 'yan'uwansa, sai aka tambaye shi ko yanzu ma wasan yake yi. Tambaya ce ta rashin tausayi, amma duk wanda ya taɓa zama da tsohon fursuna ya san ita ce tambayar da ke bin sa har kabari. In ya riƙe salla a ce riya ce, in ya yi shiru a ce akwai abin da yake ƙullawa.

Sai dai fa fim ɗin ya tsaya a daidai inda ya kamata na ƙasar Hausa ya fara. An buɗe wa Whitfield ƙofa, ya tarar da Maclin, wanda ya riga shi fita, yana jiransa da mota. A Bauchi ba aboki mai mota ke jira ba. Gida ke jira, ko kuwa gida ya ƙi jira.

Mai karatu ya ɗauki misali da Gwallameji, unguwar da ke kan hanyar Dass, jikin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya wadda aka kafa a 1979. Wuri ne na ɗalibai da masu gidajen haya da 'yan tireda da masu Keke Napep, Musulmi da Kirista, baƙi da 'yan gari. A ce wani saurayi daga can ya faɗa cikin 'yan sara-suka, aka yi faɗa, aka ji wa wani rauni, alƙali ya ɗaure shi shekara biyar. Ran da ya komo, ga abin da zai iya tararwa. Matarsa ta gaji da rashin ci da sha ta kai ƙara, alƙali ya raba auren, kuma ba wanda zai zarge ta, gama fiƙihun Malikiyya ya ba ta wannan dama. Ɗansa yana kiran wani baba. Ƙanwarsa ta rasa manemi domin dangin saurayin sun yi bincike. Mahaifinsa ya daina zama a majalisar da ya saba. Uwa kaɗai ce ta yi ta kai tuwo da sabulu duk tsawon shekarun, ta sayar da tunkiya, ta sayar da kwalla. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa. Ya koyi kafinta a ciki, amma wane mai shago ne zai bar masa mabuɗi? Waɗanda za su tarye shi hannu bibbiyu, su saya masa shayi da burodi, su kira shi da tsohon laƙabinsa, su ne dai abokan da suka kai shi can tun farko.

A kan takarda hukuma ta yi nata. Cikin shekarar 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mai da gidajen yari gidajen gyaran hali. Dokar ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin gayya ga al'umma, ta kuma ce wanda ya nuna halin kirki ana iya ba shi takardar shaida, kuma kada a nuna masa bambanci saboda zaman da ya yi. Madalla. Amma ba a kai takardar shaida gaban waliyyin yarinya. Abin da ya fi ciwo ma shi ne kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a Nijeriya jiran shari'a suke yi, ba a kama su da laifin kome ba tukuna. Wani sai ya shekara uku kotu ta sallame shi, ya komo gida da tambari iri ɗaya da na wanda ya yi kisa.

Masu shirya finafinan Hausa ba su cika bin wannan hanya ba. A wurinsu kurkuku ƙarshen labari ne: 'yan sanda su zo, a sa wa mugu ankwa, a yi ɗan wa'azi, a tashi. Alhali kuwa sana'ar ba ta rasa waɗanda suka san cikin wurin ba. An ɗaure Adam A. Zango a Kano a 2007, an ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro a 2008, haka kuma a ƙarshen 2008 wata kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama wata 15 a kan fim ɗinsa Tsintsiya, kafin babbar kotu ta jingine hukuncin a 2009. Su dai suna da suna da masoya, ba su fito suka rasa mai gaishe su ba. Amma sun ga waɗanda suka bari a ciki, sun kwana da su a daɓe ɗaya.

Wanda duk zai ɗauki wannan aiki, akwai rami guda da ya kamata ya kauce wa, watau tuba mai araha. Ba daidai ba ne a nuna mai laifi ya zub da hawaye a masallaci, kiɗa ya tashi, kowa ya yafe. Wanda aka sara fa? Shi ma yana da uwa, wataƙila ma layinsu ɗaya, famfo ɗaya suke ɗiban ruwa. A nan maƙwabta sun riga sun nuna hanya. A fim ɗin Daratt na 2006, wanda Mahamat-Saleh Haroun na ƙasar Chadi ya shirya, kuma ya sami lambar musamman a bikin Venice, gwamnati ta yi wa masu laifin yaƙi afuwa, sai wani tsoho makaho ya ba jikansa bindiga ya je Injamena ya kashe wanda ya kashe ubansa. Yaron ya tarar da mutumin ya zama mai gasa burodi, yana zuwa masallaci, yana raba wa yara sadaka, har ya ɗauke shi aiki. Haroun bai wanke mutumin ba, bai kuma rage wa yaron zafin maraici ba. Ya bar su cikin gidan burodi ɗaya, mai kallo na jin nauyin kowannensu. Hausawa na cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, suna kuma cewa hali zanen dutse. Fim na ƙwarai shi ne wanda zai zaunar da maganganun nan biyu a tsakar gida ɗaya, ɗaya a bakin uwa, ɗaya a bakin uba, ya ƙi gaggawar raba musu gardama.

Irin wannan fim ba ya bukatar gidan bene ko jerin motoci, ba ya ma bukatar izinin shiga kurkuku, tun da labarin daga waje yake farawa. Soro ɗaya, shagon kafinta, da layin da ke cika da taɓo da damina sun isa, ga kuma ɗaliban aikin jarida a kwalejin da ke maƙwabtaka, waɗanda kyamara ba baƙuwarsu ba ce. Abin da zai yi wuya shi ne samun waɗanda suka yi zaman su yarda su yi magana, gama a Gwallameji wanda ya nuna fuskarsa gobe da safe zai fito sayen koko a gaban mutanen da suka kalle shi. Sai an zauna da iyayensu da matansu an nemi yardarsu, a kuma biya su kamar yadda aka biya Maclin da abokansa.