SHARHI: Daga Khaddamari zuwa Abuja, wa ke adana tsofaffin taswirorin filaye da ke cikin kwamfuta?

Da wayewar garin Talata, 10 ga Satumba, 2024, ruwan da ya ɓalle daga madatsar Alau ya riga ya mamaye yankuna masu yawa na birnin Maiduguri da Ƙaramar Hukumar Jere. Ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da Kasuwar Monday, ya kuma raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Shekara talatin kafin nan, a 1994, wannan madatsa da ke kan kogin Ngadda ta taɓa yi wa garin irin wannan ɓarna.

Bayan ruwa ya janye, an yi ta lissafin rayuka da gidaje da amfanin gona. Akwai wata asara da ba kasafai take shiga irin wannan lissafi ba, wato ta shaida. Takardar fili da magidanci ya ajiye a ƙasan akwati ta jiƙe ta ruɓe. Katangar ƙasa da ta raba gida da gida ta zube, kunyar da ta raba gona da gona ta baje. A irin wannan hali, idan maƙwabta biyu suka yi saɓani kan inda iyakarsu take, ko gwamnati ta tashi biyan diyya, ana komawa ne ga abin da hukuma ta rubuta kafin ruwa ya zo. A yau mafi yawan abin da hukumomin filaye ke rubutawa yana cikin kwamfuta ne. Shi ya sa tambayar yadda ake adana waɗannan bayanai na tsawon shekaru ta cancanci kulawar ma'aikatan tarayya, duk da cewa filin na jiha ne.

Khaddamari, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jere, wuri ne mai kyau na fara wannan nazari. Jere tana maƙwabtaka da Maiduguri, don haka babban ɓangare na faɗaɗar da birnin ke yi, a kan ƙasarta yake yi. A cikinta akwai unguwannin da suka riga suka haɗe da birni, irin su Mairi da Mashamari da Tsohuwar Maiduguri, akwai kuma fadamar Jere da ake noman shinkafa a kewayen Zabarmari. Shekarun rikicin Boko Haram sun koro jama'a daga ƙananan hukumomi da dama zuwa wannan yanki, wasu a sansanoni, wasu a filayen da suka samu aro. Tun daga 2021 gwamnatin jihar ta shiga rufe sansanonin 'yan gudun hijira tana mayar da mutane garuruwansu. Ƙasar da ta ga irin wannan kai da kawowa cikin shekara goma sha biyar, taswirarta kan sauya kusan kowace damina.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta raba iko gida biyu. Filayen da aka ayyana a matsayin na birni suna hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka. Waɗanda ba na birni ba kuwa, ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallaka na gargajiya a kansu. A ƙarƙashin waɗannan biyu akwai bulama da lawani da hakimi, waɗanda galibin cinikin gona da rabon gado ke bi ta gabansu. A wuri irin Jere, inda gonar bara kan zama fuloti a bana, fili ɗaya yana iya ratsa waɗannan matakai duka cikin ɗan lokaci, kuma kowane mataki da irin takardarsa.

Domin a tattara wannan aiki wuri guda, gwamnatin Farfesa Babagana Umara Zulum ta kafa hukumar BOGIS bisa dokar 2019, wadda ta gaji ayyukan tsohuwar Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo. Borno ta bi sahun Abuja ne, inda aka kafa AGIS a 2003 lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke Ministan Babban Birnin Tarayya, sannan Nasarawa da Kaduna da Kano da wasu jihohi suka kafa nasu. Shirin SFTAS na Bankin Duniya ma ya ƙara wa jihohi ƙaimi, domin ya ba da tallafin kuɗi ga waɗanda suka shigar da gine-ginen biranensu cikin kundin kwamfuta saboda haraji. Amfanin wannan sauyi a fili yake. Fayil ba ya ɓata a hannun masinja, yana da wuya a ba mutum biyu fili ɗaya, kuɗin shiga kuma ya ƙaru.

Sai dai an gina waɗannan rumbuna ne domin aikin yau da kullum, kuma a nan matsalar take. A zamanin takarda, idan aka raba fuloti biyu ko aka sauya tsarin unguwa, sabon zane ake yi, tsohon kuma ya zauna a cikin kabad. Ko da ba wanda ya yi niyyar adana tarihi, tarihin yana nan a jibge. A kwamfuta kuwa, idan ma'aikaci ya matsar da layin iyaka ya adana aikinsa, sabon layin kan hau kan tsohon ya shafe shi, sai fa idan tun farko an tsara manhajar ta riƙa ajiye kowane sauyi, an kuma ci gaba da biyan kuɗin kula da ita. Kwafin da ake ɗauka kowane dare ko kowane mako domin gudun lalacewar na'ura ba ya magance wannan, domin shi ma sabo ke maye gurbin tsoho bayan ɗan lokaci. Idan aka yi kuskure, ko wani ya yi ha'inci da gangan, aka kuma shekara biyu ba a gano ba, duk kwafin da ke hannu zai maimaita kuskuren ne.

Alƙalin da ke sauraron ƙarar fili ba taswirar yau yake nema ba, domin ita ce ake jayayya a kanta. Abin da yake so ya gani shi ne yadda iyakar take a ranar da aka yi ciniki. Haka injiniyan da zai tsara magudanar ruwa bayan ambaliya yana bukatar ya san inda ruwa ke bi kafin a gina gidaje a bakin Ngadda. Da tsohuwar zuma ake magani. Borno ta riga ta ɗanɗana wannan a babban mataki. A hukuncin da Kotun Duniya ta yanke ranar 10 ga Oktoba, 2002, tsakanin Najeriya da Kamaru, iyakar yankin Tafkin Chadi ta rataya ne a kan yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1919 da 1931 da taswirorin da suka danganta da su. A kan haka ne ƙauyuka da dama, ciki har da Darak, suka koma hannun Kamaru. Takardun da suka haura shekara saba'in ne suka yi magana a ranar, saboda akwai waɗanda suka adana su.

Bayanan kwamfuta ba su da irin wannan juriya. A 1986 gidan rediyo da talabijin na BBC ya tattara taswirori da hotuna da rubuce-rubuce kan ƙasar Birtaniya a kan wasu faifai na zamani, domin tunawa da cika shekara 900 da rubuta kundin filaye na Ingila na 1086. Ba a yi shekara ashirin ba sai da na'urar karanta faifan ta yi wuyar samu, har sai da masana suka yi aikin ceto na musamman. Tsohon kundin na fata kuwa yana nan ana karanta shi. Taswirar kwamfuta ta ma fi rubutu zalla rauni, domin ba fayil ɗaya ba ce. Tsarin da aka fi amfani da shi shekara da shekaru yana warwatsa taswira ɗaya cikin fayiloli uku ko fiye, kuma idan ɗaya ya ɓata, sauran ba su da cikakken amfani.

Akwai kuma batun ma'auni. Tsofaffin ayyukan safiyo a Najeriya an ɗora su ne a kan ma'aunin Minna, alhali na'urorin GPS da wayoyin hannu suna aiki da ma'aunin duniya na WGS 84. Lambobi iri ɗaya a waɗannan ma'aunai biyu suna nuna wurare biyu da ke da tazarar gomman mitoci a ƙasa. Fulotin da aka saba yankawa ƙafa hamsin ne a ƙafa ɗari, wato kimanin mita 15 a mita 30. Ke nan fayil ɗin da aka adana ba tare da bayanin ma'aunin da aka yi amfani da shi ba, da ranar awo, da sunan ofishin da ya yi, yana iya ɗauke gidan mutum ya dasa shi a kan na maƙwabcinsa na uku ko na huɗu.

Wurin ajiya shi ma abin dubawa ne. A Janairun 2021 mahara sun karya turakun babban layin lantarki da ya taso daga Damaturu, Maiduguri ta shafe watanni cikin duhu, har sai da aka gina tashar iskar gas mai megawat 50 da aka buɗe a 2023. Garin da ya ga wannan, ya kuma ga ambaliyar 2024, bai kamata a ce duk kwafin bayanan filayensa yana cikinsa ba. Lardin Aceh na Indonesiya ya koyi wannan darasi da tsada. Igiyar ruwan tsunami ta 26 ga Disamba, 2004, ta lalata ofishin filaye na Banda Aceh, ta jiƙa kundayen rajista, ta hallaka ma'aikata da dama. Sai da aka koma unguwa-unguwa ana tara waɗanda suka tsira domin su nuna iyakoki kafin a sake rubuta su. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sannan ga ɗan kwangila. Mafi yawan hukumomin taswira na jihohi kamfanoni ne suka kafa musu manhaja da rumbu. Idan yarjejeniyar ba ta fayyace cewa bayanan na gwamnati ne ba, kuma dole a miƙa su cikin tsarin da kowace manhaja za ta iya buɗewa, to ranar da aka ɓata da kamfanin, ko sabuwar gwamnati ta daina biyan lasisi, jiha tana iya wayar gari da taswirar da ba ta iya karantawa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Amurka, wadda ita ma jihohi da gundumomi ne ke riƙe da bayanan filaye, ta fuskanci wannan tambaya tun da wuri. Tsakanin 2007 da 2011 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin ƙasar ya tallafa wa wani shiri mai suna GeoMAPP, inda jihohin Karolina ta Arewa da Kentaki da Yuta suka haɗa masu zana taswira da masu adana kayan tarihi a kan tebur ɗaya. Hanyar da suka bi mai sauƙi ce. A ɗauki cikakken kwafin taswira a lokutan da aka ƙayyade, a haɗa shi da bayanin da ke fayyace shi, a miƙa shi ga hukumar adana tarihi wadda ba ta da hannu a aikin yau da kullum, kuma ba mai ikon gyara shi bayan an miƙa.

Gwamnatin Tarayya tana da kayan yin irin wannan ba tare da ta taɓa ikon da dokar 1978 ta ba gwamnoni ba. Hukumar Adana Kayan Tarihi ta Ƙasa tana da reshe a Kaduna, inda har gobe masu bincike ke karanta fayilolin Lardin Borno na zamanin Turawa, amma dokar da take aiki da ita ta 1992 ce, kafin taswirar kwamfuta ta shigo ofisoshin jihohi. Gyaran wannan doka aikin Majalisar Tarayya ne, kuma hadiman 'yan majalisa ne za su rubuta daftarinsa. Ofishin Babban Jami'in Safiyo na Tarayya yana iya fitar da ƙa'ida ɗaya kan bayanin da dole ya raka kowace taswira, da tsarin fayil irin GeoPackage da GeoTIFF waɗanda ba mallakar kamfani ɗaya ba ne. Galaxy Backbone yana da cibiyoyin adana bayanai da za su iya karɓar kwafin jihohi a matsayin amana. Hukumar sararin samaniya ta NASRDA, wadda ta harba tauraron NigeriaSat-1 a 2003, tana da hotunan da ya kamata su shiga wannan tsari. Masu tsara yarjejeniyar tallafi da Bankin Duniya kuwa suna iya sanya sharaɗin adana kwafi a gefen sharaɗin tara haraji.

Jihohi za su yi ɗari-ɗari, kuma suna da hujja. Rajistar fili tana ɗauke da sunayen mutane da adireshinsu, a Borno kuma cikakkiyar taswira abu ne da ya shafi tsaro. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shimfiɗa sharuɗɗan da za a bi. Ana iya kulle kwafin da aka miƙa ta yadda ba za a buɗe shi ba sai da izinin jihar ko umarnin kotu, kamar yadda ake ajiye wasiyya.

Matakin da ya fi rauni shi ne na ƙaramar hukuma. Takardun izinin mallaka na gargajiya, da takardun ciniki masu hatimin bulama da lawani, su ne kaɗai shaidar da manomin shinkafa na fadamar Jere ke da ita, kuma yawancinsu kwafi ɗaya ne a hannun mai shi. Ɗaukar hotonsu da ɗaura kowace da wurinta a taswira aiki ne da ofishin filaye na sakatariyar Khaddamari zai iya farawa da na'urar ɗaukar hoton takardu da ma'aikata kaɗan, muddin akwai inda za a tura kwafin.

A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar Alau. Wannan aiki zai samar da sabbin awon ƙasa da taswirorin hanyoyin ruwa da aka biya da kuɗin jama'a. Jami'in da fayil ɗin ya biyo ta teburinsa a Ma'aikatar Albarkatun Ruwa yana iya tambaya tun yanzu: idan an kammala, a wane ofishi za a ajiye waɗannan taswirori, cikin wane tsari, kuma wa zai iya buɗe su a shekarar 2054, idan Ngadda ya sake cika?